Akushin da Aka Ɗinke a Kalgo

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida, sai iska ta kawo mini wani ƙauri daga gidan maƙwabta. Wani ne ya gasa ƙusa a wuta yana huda itace da ita. Ban gan shi ba, hancina ne ya gaya mini. Ƙaurin itace idan ƙarfe mai zafi ya shige shi daban yake da hayaƙin murhu, yana da ɗan zaƙi a ƙarshensa, kamar an ƙona ƙaro da gawayi tare. Ban san lokacin da carbi ya sulale daga hannuna ba. Shekarun da ke tsakanina da yarintata suka naɗe kamar tabarma, na ga kaina a Gwandu, ban fi shekara tara ba.

Mai karatu, a lokacin da nake ba ka labari Turawa ba su daɗe da zuwa ƙasarmu ba, kuɗin wuri ma ba su gama fita daga kasuwa ba. Gidanmu gidan masassaƙa ne. Idan ka shigo zaure, ƙafarka za ta nutse cikin ɓarɓashin itace, ja da fari da rawaya, kowane da ƙanshinsa. Turame na jingine a bango, ƙotoci na rataye a rufi suna shan hayaƙi. Mai gidan shi ne kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Tsoho. Da na yi wayo idanunsa sun riga sun yi fari, ya bar wa Baba gizago, amma ba a fitar da aiki daga zauren nan sai ya shafa shi da hannu.

Tsoho yana da hanyoyinsa na haɗa abu da abu, kuma ba ya canzawa. Idan ƙyaure ne, sai a jera allunan, a huda gefensu, a fiƙe 'yan guntayen ƙirya a buga a ciki, su riƙe juna ba a ganin abin da ya riƙe su. Idan turmi ne ya tsage, sai a jiƙa ɗanyar fata a naɗe masa ƙugu, a ajiye a rana. Fatar tana bushewa tana matsewa, har ka ji turmin yana ɗan kuka shi kaɗai. Idan ganga ce ko ƙwarya, akwai danƙon kaɗanya da ake narkarwa a kasko. Abu guda ne bai yarda da shi ba, wato a bar ƙarfe ya zauna cikin itace. Yakan ce ƙarfe ya sassaƙa ya koma jaka, don idan ka bar shi a ciki, damina biyu sai ya yi tsatsa ya tsaga maka aiki.

Wannan magana tana da tushe. Matarsa, Kaka, 'yar maƙeran Kalgo ce, kuma ƙanenta shi ne ya gaji maƙerar ubansu. Shi ne su Baba ke kira Kawu. Shekaru da yawa Tsoho na sassaƙa ƙota yana aikawa Kalgo, Kawu na ƙera ruwan fartanya yana gasa wutsiyarsa ya soka a ƙotar. Wata shekara ƙotoci suka yi ta tsagewa wajen sokawa. Kawu ya aiko cewa itacen ɗanye ne. Tsoho ya mayar masa cewa ƙarfen ne ya yi zafi da yawa, maƙerin ba shi da haƙurin jira. Daga nan magana ta yanke. Kaka ta yi ta kai da kawowa tsakanin mijinta da ƙanenta har ta gaji. Ranar da ta rasu, Kawu ya zo ya zauna kwana uku a zaurenmu, amma ban da gaisuwar mutuwa babu abin da ya shiga tsakaninsu.

Akwai wani baƙin akushi a gidan, na itacen danya, wanda tsufa ya sa ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai. Kaka ta sha ba ni labarinsa tana kaɗi. Ta ce Tsoho yana saurayi ya kai wa ubanta ƙotoci, ita kuma ta kawo musu ruwa a wata ƙwarya mai ɗinki. Bai ɗaga kai ya dube ta ba, ƙwaryar ya yi ta kallo. Ya koma gida ya sare danya a wajen Masama, ya kwashe damina guda yana sassaƙa akushi ɗaya, yana kankarewa har bakinsa ya yi siriri kamar na ƙoƙo. Da lokacin girbi ya yi, ya ɗauka ya koma Kalgo ya ajiye a gaban ubanta, bai ce komai ba. Idan ta zo nan sai ta yi dariya, mazari ya tsaya a hannunta, ta ce mutumin da bai iya magana ba sai da itace. Ni kuwa sai in kwanta a cinyarta in yi ta ganin saurayin nan a hanya, akushi a kafaɗa, belbela na tashi daga gonaki gaba da bayansa.

A cikin akushin nan ta kai masa tuwo tun tana amarya har ta kwanta ciwo. A gefe guda na bakinsa akwai 'yar lotsawa inda babban yatsanta ke zama. Bayan rasuwarta Tsoho bai ƙara cin abinci a wani mazubi ba. Ni ce mai kai masa. Yakan laluba bakin akushin har ya sami wurin yatsan, ya ɗora nasa a kai, sannan ya yi bisimilla. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa angon da ba ya ba da ko goro.

Abin ya faru bayan ɗaukewar ruwa, an yanke gero, dawa na tsaye tana jiran lokacinta. Da safe na ɗauki akushin zan wanke a bakin rijiya. Maimakon in riƙe shi da hannu biyu kamar yadda Inna ta sha gaya mini, sai na ɗora shi a ka, na saki hannu, ina tafiya a hankali ina karkata wuya. A raina ni ce Kaka ranar da aka kawo ta daga Kalgo, ana guɗa a bayana. Ban ga turken akuya ba. Na ji ƙara guda a kan dutsen rijiya, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an fasa goriba. Da na duba, akushin ya rabu biyu, kowane ɓari na lilo a ƙasa.

Ban yi kuka ba. Na kwashe ɓarin biyu na shige bayan rumbu. A nan dabara ta zo mini, kuma har yau idan na tuna ta sai in ji kunya da tausayin yarinyar nan. A makarantar allo na ga yadda ake jiƙa ƙaro a zuba cikin tawada don ta kama allo. Na kuma san inda Baba ke ajiye nasa. Na ɗebo, na jiƙa a ƙoƙo har ya yi kauri, na shafa a bakin tsagar, na haɗa, na ɗaure da zaren Inna, na ajiye a kan rumbu rana ta buge shi. Da la'asar na kwance zaren. Ya kama. Na shafa baƙin tukunya a kan layin, na juya shi a hannu, na ga kamar babu abin da ya taɓa samunsa. Na manta abin da nake yi kowace safiya da hannuna, wato ruwa kaɗan ke wanke tawadar nan daga allo.

Kafin magariba Inna ta kwashe tuwo, ta zuba miyar kuka mai zafi. Na ɗauka na kai zaure na ajiye a gabansa. Ya laluba ya sami wurin yatsan. Ya kai loma ta farko. Yana miƙa hannu zai yanki ta biyu, akushin ya buɗe a hankali kamar bakin mai hamma, miya ta malale a kan buzunsa.

Ya janye hannunsa. Sannan ya shafa bakin tsagar, ya kai yatsa hanci.

"Ƙaro na wanga?" in ji shi.

Na ce, "I, Tsoho."

"Amarya, ƙaro ai na tawada na." Ya yi wata 'yar dariya gajeriya, ya ɗauki ɓarin biyu ya haɗa su, ya sake su, ya ƙara haɗawa. Ya ce, "Tahi ki wanke hannunki."

Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Bai yi faɗa ba, ya kuma hana Inna taɓa ni. Amma daga ranar ya daina cin abinci. Aka kawo a ƙwarya, ya ce ba ya jin yunwa. Baba ya kwana biyu yana sassaƙa sabon akushi mai kyau, ya kai masa. Tsoho ya zagaya bakinsa da yatsa, ya ce aiki ya yi, Allah ya yi albarka, ya tura shi gefe. Ruwa kawai yake sha, sai kunu ludayi ɗaya ko biyu idan an matsa masa. Ya bar zaure ya koma ɗaki, ya juya fuska ga bango. Ni ce na san abin da na yi, kuma kowace safiya ina ganin wuyan hannunsa yana ƙara sirancewa.

A rana ta huɗu Goggo ta zo, ƙanwar Baba, wadda ke aure a wata unguwa. Mace ce doguwa mai saurin magana, ita kaɗai ce ba ta jin tsoron Tsoho. Ta kai ɓarin wurin gyartai mai ɗinkin ƙwarya, ya ce zarensa ba zai riƙe nauyin akushi ba. Ta kai wa wani maƙeri a cikin gari, ya ce bakin ya yi siriri, yana sa masa ƙarfe zai ruguje, mutum ɗaya ne ya san yana irin wannan ɗinkin, kuma ta fi shi sanin ko wane ne.

Baba ya ce, "Ki sa ƙarhen Kawu cikin iccen Baba? Ni ba da bakina ba."

Goggo ta ce, "To riƙe bakinka, Yaya. Ni da ƙahwata za ni. Wadda ta hwasa kuma ita za ta ɗauka."

Muka bi wasu fatake masu jakuna. Kwana biyu ce tafiyar. Na naɗe ɓarin a tsohon zanen Kaka na rungume a ƙirji, ban yarda na ɗora a ka ba ko da hannuna ya sage. Ban taɓa fita daga Gwandu ba sai ranar. Ina tuna gonakin dawa da suka fi raƙumi tsawo, da Fulani suna kora shanu cikin karan gero, da wata mata da ta ba mu nono a bakin hanya ta ƙi karɓar komai. Duk inda muka tsaya sai in lissafa ludayin kunun da Tsoho ya sha a bayanmu, in ga ba su da yawa.

Da hantsin rana ta biyu ƙasa ta buɗe. Fadama ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ruwa kwance cikin shinkafa, furen bado fari fat kamar an watsa auduga. Iskar ma ta canza, ta zama mai sanyi da ƙarnin kifi. A bakin ruwa na ga wasu masunta sun kife jirgi suna ɗinke allunansa da igiya, suna cusa tsumma a tsakani. Na tsaya ina kallo har Goggo ta ja ni. A raina na ce, idan ana ɗinke abin da ke ɗaukar mutane a kan ruwa, ai akushi ba zai gagara ba.

Tun daga nesa muka ji maƙerar Kawu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya yi fari, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar guduma, don haka da ƙarfi yake magana. Goggo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Wagga ita ta amaryar makahon? Ya iya zaɓe, ko da ba shi gani. Ki rabu da shi ki dawo nan, mu muna da kihi."

Na kwance zanen a gabansa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya goge hannu a walkinsa har sau biyu kafin ya taɓa. Ya juya ɓarin, yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan, ya tsaya a wurin.

"Na Yaya na," in ji shi a hankali. Karo na farko ke nan da na ji muryarsa ta sauka.

Goggo ta gaya masa duk abin da ya faru, har da ƙaron. Ya saurara da kunnensa mai ji, sannan ya mayar da ɓarin kan zanen.

"Shi ya aiko ku?"

"A'a, Kawu. Bai san mun taho ba."

"To ku koma. Mutumin da yac ce ƙarhena annoba na ga icce? In na sa mashi, jefarwa zai yi. Sa'annan ya mutu da yunwa, a ce ni na ƙarasa shi."

Goggo ta fara magana, ni kuma kukan da na riƙe tun bakin rijiya ya ƙwace. Na ɗaga hannu ina share fuska, sai munduwar da ke hannuna ta zame zuwa gwiwar hannu. Ta jan ƙarfe ce, siririya, Kaka ta bar mini. Ta yi mini yawa, shi ya sa na naɗa mata tsumma don kada ta faɗi. Ba ni da wani abu nawa na kaina a duniya sai ita. Kawu ya kama hannuna ya duba.

"Babanmu yaƙ ƙera wagga," ya ce. Ya murza ta da yatsa. "Jan ƙarhe ba shi tsatsa. Kuma ba nawa ba na, nata na. Amarya, kina iya rabuwa da ita?"

Ina so in ce maka na cire ta nan take, amma ba haka aka yi ba. Na riƙe ta da ɗaya hannun na daɗe. Na tuna yadda take ƙara a jikin akushin idan Kaka ta ɗauko tuwo. Sannan na tuna wuyan hannun Tsoho. Na zare na miƙa.

Ya ce wanda ya fasa shi ke zuga, ya zaunar da ni a bayan zugazugi. Ina dannawa, gawayi na numfashi ja. Ya gasa munduwar, ya miƙar da ita a kan uwar maƙera, ya yi ta bugawa da wata 'yar guduma har ta zama siririya kamar tsinken tsintsiya. Ya yanka ta gida bakwai, ya lanƙwasa kowane guntu baki biyu kamar ƙafar fara. Ya wanke ƙaron nan nawa tas, yana tsaki yana dariya, ya haɗa ɓarin ya ɗaure da jiƙaƙƙiyar igiya, ya ɗiga alama da gawayi a bayan akushin, hagu da dama na tsagar.

Sai ya sa wata siririyar basilla a wuta. Ta yi ja ya fitar, na zaci zai soka. Bai soka ba. Ya riƙe ta a iska yana kallo, jan ya koma duhu, duhun ya koma toka-toka. Sai a lokacin ya ɗora bakinta a kan alama, wani siririn hayaƙi ya miƙe, ƙaurin ya cika rumfar. Sau goma sha huɗu ya yi haka, kowane sau da jiransa, kuma ko ɗaya bai bari ta fasa zuwa ciki ba. Ya lura ina kallonsa.

"Mi kike kallo? In ta yi ja da yawa, ƙone iccen takai, ramin shi yi faɗi." Ya ɗan kau da kai. "Kada ki hwaɗa mashi ni na ce."

Kowane guntun jan ƙarfe ya ɗan fi tazarar ramukan gajarta, don haka idan ya buga shi ya shiga sai ya jawo ɓarin biyu su matse. Yana bugawa a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Da ya gama ya kwance igiyar, akushin ya tsaya da kansa, ɗinki bakwai suna sheƙi a baƙin jikinsa. Ya zuba ruwa ya ɗaga sama. Daga gindi, inda wani ɗan ɓarɓashi ya ɓalle tun a bakin rijiya, ruwa na ɗiga ɗaya bayan ɗaya.

Goggo ta ce, "Kawu, yana zuba."

"Na gani. Wanga ba aikina ba na. Ni ban san icce ba, an daɗe da hwaɗa min. Ku kai ma mai shi."

Matarsa ta ɗaure mana busasshen kifi, muka juyo tun kafin azahar. Ban ga fadama a komowa ba, ban ga komai ba, ƙafata kawai nake gani.

Mun tarar da Tsoho kwance yadda muka bar shi, sai dai ya ƙara shigewa cikin tabarma. Baba ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Goggo ta tashe shi zaune ta jingina shi da bango, ta ɗora masa akushin a cinya. Hannuwansa suka zagaya baki, suka gangara baya, suka ci karo da ɗinkin farko. Suka tsaya.

"Ƙarhe," in ji shi.

"Jan ƙarhe na, Baba. Ba shi tsatsa."

"Ina kunka samu jan ƙarhe?"

Ya miƙa hannu cikin iska ya ce, "Amarya." Na matso. Ya kama wuyan hannuna na hagu, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, bai sami komai ba. Ya riƙe hannun ya daɗe. Kurciya na kuka a kan rumbu. Ina jira ya ture akushin kamar yadda ya ture na Baba.

Ya sake ni ya koma kan ɗinkin, yana bin su ɗaya-ɗaya da farce.

"Na ukun ya karkace," ya ce. Ya ci gaba. "Amma bai ƙone bakin ramin ba. Ashe ya koyi jira da tsuhwa." Yatsansa ya kai gindi ya faɗa cikin ɗan gurbin. "Kai! Ya bar min rami. Raggo. Haka za a zuba miya a ciki? Ku ba ni wuƙata."

Baba ya ruga zaure. Tsoho ya sa aka sauko da wani tsohon guntun danya da ya daɗe a rufi yana shan hayaƙi. Hannun da ke rawa wajen riƙe ludayi, da ya kama wuƙa sai ya natsu. Ya fere wani ɗan siririn tsinke, ya gwada, ya cire, ya ƙara ferewa, ya gwada. Tun azahar yake abu ɗaya har inuwa ta kai bakin ƙofa. Da ya shige daidai, ya buga shi da gindin wuƙa, ya share abin da ya fito, ya ce a nutsa akushin cikin ruwa don sabon itacen ya sha ya kumbura. Da aka fito da shi ya sa aka cika shi fal.

"Amarya, zamna nan gabana." Ya ɗaga akushin da hannu biyu a kan kaina. "In kin ji ɗigo, ki yi kururuwa."

Na rufe ido ina jira. Na ji numfashinsa, na ji na Goggo. Kaina ya zauna a bushe.

"Shiru?"

"Shiru, Tsoho."

"To mi a ka jira? Ko so kuke ku kashe ni da yunwa cikin gidana?"

Inna ta bar takalminta a bakin ƙofa don gudu. A ranar, da kifin Kalgo aka yi miya. Ya ci bai fi loma biyar ba, cikinsa ya riga ya ƙanƙance, amma washegari ya ci fiye da haka. Da ya tambayi inda aka sami kifi aka gaya masa, sai ya ce gishiri ya yi masa yawa, ya miƙa hannu ya ƙara.

Bayan mako biyu ya koma zaure. Ya sa Baba ya zaɓo masa ƙota guda cikin waɗanda suka fi daɗewa a rufi, ya gyara ta da hannunsa, ya ba fatake su kai Kalgo, babu saƙon baki. Kafin shuka, ƙotar ta dawo da ruwan fartanya a jikinta, ko tsaga babu. Ita ma babu saƙon baki. Ba su ƙara ganin juna ba. Tsoho ya yi damina biyu bayan haka, kuma ƙotoci sun ci gaba da tafiya suna dawowa har ya rasu.

Akushin ya bi ni ɗakin aure. Daga baya ya sake tsagewa a wani gefe, amma wurin ɗinkin bai taɓa motsi ba. Ya salwanta a wata ƙaura da muka yi, ban san hannun da ya faɗa ba.

Yanzu gidan nan cike yake da kwanonin roba, ja da kore da shuɗi, marasa nauyi, kuma ba na ƙin su, don sun hutar da wuyan 'yan mata. Akwai wani mutum da kan zagayo da ɗan murhunsa, ya gasa wuƙa ya narka guntun roba a kan tsaga, ya shafa wani farin ruwa mai kama yatsa, kafin ka gama gaisawa da shi ya gama. Shi ma kwanan nan ba ya samun aiki sosai. Ran nan babbar robar jikata ta tsage, na ga ta nufi bola da ita. Na kira ta na ce, idan abu ya fashe mata, wurin wa take zuwa? Ta dube ni da mamaki, ta yi dariya, ta ce, "Wurin wa kuma, Kaka? Kasuwa mana." Na yi niyyar in gaya mata cewa mu kwana biyu muka yi a hanya zuwa wurin mutumin da ba a magana da shi, amma ta riga ta ɗauki mayafinta ta fita.